Dutsen da Ya Ƙi Yaɓe

"Ku matsa in gani da idona," in ji tsohuwar, tana ture matan lungunmu da sandarta.

Ina zaune a bakin ƙofata, na buɗe cikin wani agogon bango a kan cinyata, sai na ajiye shi na miƙe. Matan suka dare mata. Ta tsaya a gaban bangon maƙwabcina Magini, ta dafa sandar da hannu biyu, ta sunkuya tana duban wurin da yaɓe ya zube a ƙarƙashin tagar ɗakinsa. Ta daɗe a haka, har na fara tunanin ko bayanta ne ya riƙe.

"Kaka," ta ce a hankali. "Ashe nan ya kawo ka. A bakin kwata."

Daga nan ta miƙe ta bugi ƙyauren gidan da sanda. "Auta, na san kana jina. Ko ka mutu ne ba a gaya mini ba?"

Ni na fara ganin abin, domin ni mutum ne mai kallon bango. Karatuna bai yi nisa ba. Malaminmu ya ce idona ya fi zama a kan rufi fiye da kan allo, kuma bai yi mini ƙarya ba. Har yau in ruwa ya jiƙa bango ina ganin raƙuma a jikinsa, da mata masu ɗauke da kaya. To, da aka yi wani ruwa mai ƙarfi, na fito da safe na tarar wani falle na yaɓe ya faɗo daga bangon Magini, faɗinsa kamar faranti. A bayansa akwai baƙin dutse, sumul, yana ƙyalli kamar goshin mai zufa. Ramuka biyu a sama, tsaga ɗaya a ƙasa. Wannan karon ba idona ne ya ƙirƙiro ba, hannun mutum ne ya sassaƙa shi. Kafin rana ta take duk lungun ya gani, kuma lungunmu ba ya riƙe magana. Har garin su Magini ta kai.

Wurin ba baƙo ba ne a wurina. Tun da na tare a ɗakin da ke jikin gidansa, kowace shekara kafin damina Magini yakan kwaɓa ɗan siminti a kan katako, ya tsuguna ya shafe daidai wurin nan. Na taɓa tambayarsa, ya ce, "Wurin ne ba ya jin magana," ya ci gaba da aikinsa. Bana bai tsuguna ba. Ƙurar simintin da ya shaƙa tun yana saurayi ta taru a ƙirjinsa. Asibiti suka riƙe shi na wani lokaci, suka sallame shi da ledar magani da magana mai daɗi, irin wadda duk mun san abin da take nufi.

Matarsa ce ta buɗe ƙofar. Mama muke ce mata, babba da yaro. Ta rusuna.

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Riƙe sannunki."

Tsohuwar ta wuce ta gefenta. Mama ta dube ni ta yi mini alama da ido in shigo, sai na bi su.

Magini yana kwance a gadonsa na ƙarfe, an tokare shi da matashi, kansa yana jingine da bangon nan, ƙarƙashin taga. Mutumin da yake ɗaga bulo biyu lokaci guda ya koma kamar rigar da aka rataye a ƙusa. Buhun kayan aikinsa yana ƙarƙashin gadon, a saman kansa kuma ɗan gicciye na katako da ya sassaƙa da kansa, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

"Yaya," ya ce. "Kin sha hanya."

"Na sha. Ka ce mini ka kawar da shi."

"Na kawar."

"Na zaci kogi ka jefa shi. Shekara da shekaru, duk kogin da mota ta haye da ni sai na sunkuyar da kai na gaishe shi, mutane suna kallona kamar mai taɓin hankali. Ashe yana nan karnuka suna ɗaga masa ƙafa."

"Dutse ne, Yaya. Na ba shi aikin dutse."

"Ubanmu ya durƙusa masa. Uban ubanmu ya durƙusa masa."

"Sun durƙusa, sun mutu. Ni ban durƙusa ba, ga ni zan mutu. Ina bambancin?"

"Bambancin 'ya'yana ne," in ji ta. "Duk mazan na binne su tun da ka bar shi da yunwa. Kai da ka gudu coci kai ka ga jikoki. Ba ya bin wanda ya gudu, wanda ya tsaya kusa yake kamawa."

Magini ya yi tari mai tsawo, Mama ta tara masa kwano. Daga faɗan nan nasu na gane labarin. Dutsen na gidan ubansu ne, Kaka suke kiransa, mai ake shafa masa, gare shi ake kai kuka. Ɗa namiji ne yake gadonsa, Magini kuwa shi kaɗai ne namiji. Uwarsu ta rasu yana jariri, wannan yayar ce ta goye shi. Da ya ba da gaskiya aka yi masa baftisma, sai ya ɗauke dutsen daga gidan, ba wanda ya sake ganinsa.

"Ka sa a ciro mini shi lafiya," in ji Yaya. "Ko ƙwarzane ban yarda ba. In wanke shi, in ba shi mai, in ba shi haƙuri. Ka ga in ba ka tashi ba."

"Ba zan ba ki ba."

"Ba naka ba ne kai kaɗai."

"Na bar shi na bi Yesu. Ba zan miƙa miki abin da na san ba ya ji ba ya gani, ki ƙarasa tsufanki a gabansa ba."

"To, zan zauna. Ai ba ka da nisa. In ka mutu in sa a fasa bangon." Ta juya ga Mama, mai furfura da jikoki. "Ke 'yar nan, ba ni ruwa, kuma ki nemo mini tabarma."

A soro ta shimfiɗa tabarmar, daidai inda duk mai shiga sai ya tsallake ƙafarta.

Daga ranar lungunmu ya sauya. Da safe sai ka ga ƙwai a gindin bangon, ko ƙyalle a ɗaure da tsinke, ba ka san wanda ya ajiye ba. Waɗanda muke zama benci ɗaya da su a coci, in sun zo wucewa sai su rage tafiya, wasu su tofar da yawu, wasu su sauke murya. Ni ma, gaskiya, ina son kallonsa. In rana ta karkata inuwa ta cika ramukan, sai ka ga kamar ya lumshe ido yana sauraron abin da ake faɗa a cikin ɗaki. Nakan zauna ina tunanin mutumin da ya fara sassaƙa shi, ko shi ma ya ji tsoronsa da ya gama, ko kuwa ya karkaɗe hannu ya tafi cin abinci.

Ana cikin haka Dattijo ya zo. Shi ne babba a dattawan ikkilisiyarmu, tsohon ma'aikacin ofis, ba ya rabuwa da lema ko sama tana wasai. Ya tsaya a waje ya dubi dutsen daga nesa, ya tsallake ƙafar Yaya ba gaisuwa, ya shiga ɗaki. Ina ciki lokacin, na zo yi wa Magini hira, ta taga na hange shi. Mama ta kawo kujera, ya ƙi zama.

"Ɗan'uwa, magana ta kai ga ikkilisiya."

"Ta yi sauri," in ji Magini. "Ciwona ya riga ta fita, har yau bai kai muku ba."

Dattijo ya yi kamar bai ji ba. "Ranar baftismarka ka tsaya a gaban jama'a ka ce ka rabu da gumaka, Allah kaɗai za ka bauta wa. Yau ga gunki a jikin ɗakin kwananka, kanka a jingine da shi. Kowace shekara kana tsugunawa a gabansa. Mutane sun shaida."

"Yaɓe nake yi."

"Wani zai ce shafa kake yi."

Magini ya rufe ido, ya tattara numfashi. Da ya fara magana, a gutsure take fitowa.

"Da na ɗauko shi, na sa shi a wuta. Wuta ba ta cin dutse. Na ce in jefa kogi, sai na tuna rani, ruwa ya janye wani ya tsince shi. Lokacin ina ɗora bangon nan. Ga gurbi, ga dutse daidai gurbin, kamar an auna. Magini bai iya yar da dutse mai kyau ba, Dattijo, hannunsa ba ya yarda. Na ce tun da an ce shi yake ɗauke da gidanmu, to ya ɗauki taga mu gani."

"Kuma ka juya fuskarsa waje, don ya riƙa ganin masu wucewa."

"Gefen da ya fi santsi shi ake juyawa waje. Ban ma lura ba sai da gini ya hau kansa. Na ce ba komai, yaɓe zai rufe. Abin da ban yi tunani ba shi ne mai. Ya sha mai tun kakanni, siminti ba ya kama shi. Duk shekara sai ya tofar."

"Wannan bayanin magina ne. Ikkilisiya ba ta binne mutum da bayani. In abin nan yana nan ranar da ka cika, ni ba zan tsaya a kan kabarinka ba, kuma zan gaya wa fasto dalili."

Daga soro muka ji dariyar Yaya. "Ka ji mutanen da ka bar ubanka dominsu, Auta."

"Tsohuwa, ba da ke nake ba."

"Ni da kai nake, mai lema. Ba ruwa ba rana, me kake tsoro ya faɗo maka a ka?"

Magini ya ɗaga hannu, duk suka yi shiru. "Ba don kabari na bi Ubangiji ba. Ya san abin da ke cikin bangona, ya san abin da ke cikin ƙirjina. In na cire shi yau don kun yi surutu, na yarda ke nan wani abu ne. Dutse ne. Yana nan inda yake."

Dattijo ya fita yana buga lemarsa a ƙasa. A soro Yaya ta miƙe ƙafa da gangan, sai da ya yi tuntuɓe.

Jikin Magini ya ci gaba da raguwa. 'Ya'yansu suna nesa, an yi musu waya, kowa ya ce yana neman izini a wurin aiki. Mama ita ce ɗagawa, ita ce kwantarwa, ita ce wanki. Na lura Yaya ta daina zaginta. Sai in ga ta kira ta soro, ta kama gefen zanenta, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, Mama tana girgiza kai. Daga baya ta daina girgizawa.

Wata rana da tsakar rana, zafi ya kori kowa daga lungu, har kaji sun shige ƙarƙashin teburin mai wanki. Ina cikin ɗakina, ƙofa a ɗan buɗe. Sai ga Mama ta fito, hannunta a cikin zane. Ta duba gabas, ta duba yamma, ta tsuguna a gaban dutsen. Ta fito da wata 'yar kwalba, ta tsiyaya a tafin hannu, ta shafa masa daga goshi zuwa baki, leɓunanta suna motsi. Yaya tana tsaye a bakin ƙofa. Da Mama ta miƙe, idonta ya faɗa cikin nawa. Ta mayar da kwalbar cikin zane, ta shige gida.

Da la'asar na shiga wurinsa kamar kullum. Mama ta kawo shayi, ta tallafo kansa da hannu ɗaya, ta kai kofin bakinsa da ɗayan. Bai sha ba. Ya kama hannun nata ya kai hancinsa.

"Uwar yara, me kika taɓa?"

"Girki na yi."

"Wannan ba man girki ba ne. Da warin nan na tashi. Yana jikin rigar ubana har ya mutu."

Ta ajiye kofin da ƙarfi har ya fantsama. Na yunƙura zan fita, ta ce, "Zauna, Mai Agogo, ai ka gani." Sai ta juya gare shi. "E, na shafa. Na yi addu'a har gwiwata ta yi kanta. Na yi azumi. Kana ƙarewa a gabana kamar sabulu a ruwa. Yaya ta ce sau ɗaya kawai. Na ce me zan rasa."

"Ke kika fara kai ni coci. Ke kika ce ba za ki aure ni ba sai na rabu da shi."

"Kai kuma ka ɗauko shi ka dasa mini a jikin ɗaki. A kan gadon nan na shayar da 'ya'yana, yana bayan kaina ban sani ba. Kada ka dube ni haka, Maigida. Wa ya ajiye shi?"

Wani ƙuda ya sauka a bakin kofin, ya zagaya, ya tashi. Magini yana kallon rufi, ƙirjinsa yana ƙara kamar ana jan akwati a kan yashi.

"Ni na ajiye," ya ce. "Na ce ba komai ba ne. A wurina kuwa ba komai ba ne. Ban yi tunanin ranar da ba ni da ƙarfin rufe shi ba." Ya juyo da kai. "Mai Agogo, jawo buhun nan."

Na jawo. Ƙarar ƙarafan ta kai soro. Kafin in kwance bakin buhun Yaya ta leƙo, ta ga guduma, ta ga cizal, wato ƙarfen da ake sara dutse da shi. Ta juya da saurin da ban san tana da shi ba, ta fita lungu, ta zauna dirshan a gaban dutsen, ta jingina bayanta da shi. Muryarta ta shigo ta taga.

"Sai dai ku fara da ni. Bayan nan shi ya goye ka, Auta. Zo ka fasa shi."

"Ba wanda zai taɓa ki, Yaya," in ji Magini. Ya rage murya. "Bango gefe biyu gare shi. Uwar yara, sa sakata. Ku ja gadon nan baya kaɗan."

Mama ta tsaya. "Ɗakin zai tsage."

"Ya tsage."

Ta sa sakatar. Muka ja gadon da shi a kai, bai fi nauyin buhun gawayi ba. Ya sa na ɗauko wani katako a bayan ƙofa na tokare tagar ta ciki. Ya nuna mini inda zan ɓanɓare yaɓe. Ta wannan gefen yaɓen ya kama sosai, sai da na sha wahala kafin bayan dutsen ya fito, mai kaushi, ba kyan gani. Magini ya sauko da hannu daga gadon yana lalube da yatsu, ido a rufe, kamar mai neman inda ke yi wa yaro ciwo.

"Kada a bugi tsakiya," ya ce. "In an bugi tsakiya zai fita waje ɗungurum, ya faɗa hannunta. Yana da jijiya. Na gan ta ranar da na ɗora shi. Ga ta nan. Ɗora cizal a nan, ka karkata shi ƙasa."

Na ɗora. Hannuna ya saba da ƙananan ƙarafa, masu tashi in ka yi numfashi da ƙarfi, ba irin wannan ba. Magini ya ce a ba shi guduma. Mama ta sa masa a hannu. Ya ɗaga ta kamar tsawon tafi, ta suɓuce ta faɗi a ƙasa, saura kaɗan ta sami ƙafata. Ya sake miƙa hannu, yatsun suka ƙi rufuwa. Ban taɓa ganin ya yi hawaye ba sai ranar, kuma na haushi ne.

Mama ta sunkuya ta ɗauki gudumar. Ta goge tafin hannunta a zane, ta sake gogewa.

"Ya Ubangiji," in ji Magini, "kai kaɗai. Ka gafarta mini abin da na ajiye, ka gafarta mata abin da ta shafa." Ya dubi matarsa. "Kada ki kalli hannunsa, ki kalli kan ƙarfen."

Ta buga. Ƙarar ta bi ta gwiwar hannuna har haƙora. A waje Yaya ta gane abin da ake yi, ta miƙe ta kama ƙarafan tagar tana jijjigawa.

"Ke 'yar nan, hannun da ya shafa masa mai ɗazu? Zai shanye. Ba za ki ƙara ɗaura zane da shi ba. Auta, ka hana ta. Auta, don nonon uwar da ba ka sha ba, ka hana ta."

"Ƙara," in ji Magini.

Mama ta ƙara. Ta yi ta bugu, tana kuka ba sauti, zufa tana ɗiga daga haɓarta. Sau ɗaya ta kuskure ta sami babban yatsana, na ga taurari, amma ban saki ba. Mutanen lungu sun taru, ina jin hayaniyarsu, wasu suna cewa a bar tsohuwa da kayanta, wasu suna cewa a fasa. Can sai sautin ya sauya, ya zama kamar an bugi tulun da ya tsage. Cizal ɗin ya shige. Dutsen ya rabe.

Wata tsaga ta tashi daga kusurwar tagar ta hau har rufi, ƙura ta zubo a kan bargon Magini. Bai ko kalle ta ba.

"Ku jawo shi ciki," ya ce. "Fuskar nake so."

Muka ɓamɓaro ɓangarorin muka zuba a bokitin ƙarfe, Mama ta bi su da guduma har ba a gane ido ba a gane baki. Na ɗauki guda na kai wajen haske. Abin da ya ba ni mamaki, cikinsa fari-fari ne, busasshe ƙamas. Duk man da aka shafa masa tun kakanni bai shiga ya kai kaurin farce ba. Na so in sa shi a aljihu, don ina tara irin waɗannan abubuwa, sai na ga Magini yana kallona. Na mayar cikin bokiti.

Yanzu akwai rami a bangon, kan mutum zai shiga. Haske ya shigo ta cikinsa, sai kuma ya toshe. Fuskar Yaya ce. Ta durƙusa a bakin kwata tana leƙen ƙanenta.

"Ka kashe ubanmu sau biyu," ta ce.

"Yaya, shigo ki zauna kusa da ni. Ba zan daɗe ba."

"Ba ni da ƙane."

Na fita na same ta tana lalube a ƙasa. Ta tsinci wani ɓalli da ya faɗo waje, ta juya shi gaba, ta juya shi baya, ba baƙi a jikinsa ko kaɗan. Ta sake shi ya faɗi. Ta shiga soro ta ɗaure kayanta. Na miƙa hannu zan ɗaukar mata, ta doke shi da sanda, daidai kan yatsan da ya kumbura. Har ta ɓace a ƙarshen lungu ba ta waiwaya ba.

Washegari Dattijo ya zo. Ya zura kan lemarsa cikin ramin ya juya, ya leƙa bokitin.

"Da ka yi haka tun farko, ɗan'uwa, da ba a kai ga wannan ba."

"Ba don kai aka yi ba," in ji Mama. "Ga kujera in za ka zauna. In ba za ka zauna ba, kana tare masa iska."

Ya zauna. Ya yi addu'a, ta yi tsawo, Magini ya yi barci a tsakiyarta.

Na ce zan nemo bulo in toshe ramin, Magini ya ce a'a, wanda bai iya ba kada ya ɓata masa bango, kuma iskar tana yi masa daɗi. Tsakuwar kuwa ya sa mai wanki ya kai ta babban titi ya zuba inda motoci suke bi. Sau da yawa yakan tambaya ko Yaya ta isa gida. Aka yi waya, aka ce ta isa, amma ta ƙi karɓar wayar. Ya ce a ci gaba da kira ko bayan ba shi.

Bai kai ƙarshen makon ba. Da hantsi ne, 'ya'yan suna hanya. Ni ba na ciki, ina bakin ƙofata, sai na ji muryar Mama tana addu'a a hankali, irin ta kullum, tana ambaton sunan Yesu, shi kuma yana amsawa da amin, can ƙasa. Aka jima sai na ji tana addu'ar ita kaɗai. Ta kai ƙarshe, ta tsaya tana jira, ta faɗi amin ɗin da kanta.

Ban shiga nan da nan ba. Daga inda nake zaune ana ganin cikin ɗakin ta ramin, ɗan kaɗan: ƙafar gado, da gefen farin mayafin da ta ja ta rufe shi. Rana ta shiga ta wurin ta kwanta a kan ƙafafunsa. Hannun Mama yana bisa su, tafin a sama, duk ya yi bororo.